Ana Jiran Inna Yalwa

A garinmu Kwarin Madaci, in ka bi lungun majema har ka tarar da ƙyauren langa-langa shuɗi, to ka zo gidan Nomau. Su uku ne a gidan in ka haɗa da akuya: shi, da matarsa Tabawa mai ƙuli-ƙuli, da akuyar. Da su huɗu ne, kafin mahaifiyarsa Inna Yalwa ta rasu shekara uku da suka wuce. Kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka Nomau mahaukaci ne. Ya gama sakandare, yana karatu tiryan-tiryan, bai taɓa bin kowa da dutse ba. Ciwonsa ɗaya ne, abin da ka faɗa masa shi ya ji, ba ƙari ba ragi. Tabawa ta taɓa aikensa ya dubo ko ruwa ya tafasa. Ya je ya duba, ya ga ya tafasa, ya wuce zaure ya zauna abinsa, don ba a ce ya dawo ya faɗa ba.

Wannan hali kuwa da wasiyya ya ƙara ƙarfi. Ranar da Inna Yalwa za ta cika, ta riƙe hannunsa ta ce, "Nomau, kanka ba ya ɗaukar dabara. Ka riƙa yin abin da aka ce maka yadda aka ce, Allah zai rufa maka asiri." Aka kai ta tsohuwar maƙabarta ta bakin titi, gindin wani gawo. Tun daga nan, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya bi ta can ya cire mata ciyawa, ya yi addu'a, ya ba ta labarin akuya.

Ni ne Zubairu, mai buga takardu a ofishin raya gari, shekarata goma sha tara a kan kujera ɗaya. A gabana aka ɗauki Nomau masinja, a gabana kuma aka kawo mana manhajar da ta raba mu da fayil da tawada. Ga yadda take. Ni zan buga takarda a kwamfuta in tura. Sai ta je wurin mai duba na farko, daga shi sai mai duba na biyu, daga nan ta wuce hedikwata wurin Hajiya Asabe, wadda in ta sa hannu magana ta ƙare. Kowane suna da 'yar fitilarsa a gefe. In tana ruwan ɗorawa, an rubuta "Ana jira." In mutum ya danna "Amince" ta koma kore. In ya danna "Mayar" ta koma ja, takarda ta dawo baya.

Mai duba na farko shi ne Malam Isuhu Mai Jan Biro, dattijo mai tsanani. A zamanin fayil, in takarda ba ta yi masa ba, kalma uku yake rubutawa a samanta da jan biro, "A sake dubawa," ya turo maka ita ba tare da ya ɗaga kai ba. Malam Isuhu ya rasu daminar bara, shi ne ma na ƙarshe da aka sa a tsohuwar maƙabarta kafin a ce ta cika. Amma sunansa bai fita daga manhaja ba, kuma fitilarsa ba ta daina zama kore ba. Duk ofis mun san Sakatare Haladu ne ya samu kalmar sirrin marigayin yake dannawa da sunansa, duk kuma muka kama bakinmu, har da ni. Mai duba na biyu da ya fara yawan tambaya, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta zuwa. Sai Sakatare ya duba ya duba, ya ce a ɗora Nomau. Ya ce mini, "Wannan ai ko bango ka ce ya amince da shi, zai amince." Na yi dariya, don a lokacin ni ma haka na zata.

Wata rana Hajiya Asabe ta zo da kanta daga hedikwata don ta koya wa sabon mai duba aiki. Mace ce mai gilashi, ba ta maimaita magana. Ta zaunar da shi ta ce, "Malam Nomau, abu uku zan gaya maka. Kalmar sirrinka, kada kowa ya gani, kada kowa ya ji. Na biyu, kada ka amince da abin da idonka bai gani ba. Na uku, in kana da tambaya, ka tambayi wanda ya duba kafin kai." Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Washegari da safe muka shigo muka tarar da wani tulin farin yadi a kan tebur yana motsi a hankali. Mai shara ta yar da tsintsiya ta fita da baya tana salati. Ashe Nomau ne ya lulluɓe kansa da kwamfuta gaba ɗaya da babbar riga, yana buga kalmar sirri a ciki, ga zafin bazara. Na ce, "Kai Nomau, ai tafin hannu ya isa ka kare." Murya ta fito daga cikin rigar ta ce, "Malam Zubairu, akwai ƙadangare a jikin taga." Haka ya ci gaba da yi kullum, har muka saba da ganin abu kamar gawa a zaune yana buga kwamfuta da safe.

Wata rana aka turo masa takarda mai cewa an rufe tsohuwar rijiyar bayan kasuwa da siminti. Ni na buga ta, kuma na san ko buhu ɗaya ba a kai wurin ba. Fitilar Malam Isuhu ta riga ta yi kore. Nomau ya karanta, ya sa takalmi ya fita, ba sallama. Sai bayan azahar ya dawo, gwiwoyinsa duk ƙasa, ya shiga rigarsa ya danna "Mayar." A gurbin bayani ya rubuta, "Rijiya a buɗe take. Na leƙa, akwai wani a ciki yana kallona. Na yi masa sallama ya motsa baki bai amsa ba." Muka yi ta dariya, kowa ya san fuskarsa ya gani a ruwa. Sai mai shara ta ce a hankali, ai rijiyar nan ta ƙafe tun ita tana amarya. Dariyar ta tsaya nan. Bayanin kuma ya riga ya hau allon Hajiya Asabe, saboda haka kafin sati ya zagayo Sakatare ya sa an rufe rijiyar da gaske, yana yi yana tsaki.

Wata rana Sakatare ya shigo da fushi ya tarar da ƙura a teburinsa. Ya daka wa Nomau tsawa, don har lokacin bai sauke masa aikin masinja ba. Ya ce, "Duk wanda ke aiki a ofishin nan, a goge masa tebur a ajiye masa ruwa kafin ya zo." Da safe Nomau ya goge na kowa, sannan ya nufi kusurwa, inda teburin Malam Isuhu yake, wanda tun rasuwarsa ba wanda ya yarda ya gaje shi. Ya kakkaɓe kujerar, ya gyara mata zama, ya ajiye kofin silba cike da ruwa. Na ce, "Nomau, Malam ai ya rasu. Da kai aka yi jana'iza." Ya ce, "Na sani, ni na riƙe makara ta wajen ƙafa. Amma jiya ma ya duba takarda biyar." Kafin a tashi na leƙa kofin, ruwan ya sauka zuwa rabi. Na gaya wa kaina zafi ne, ko da yake kofina da ke kusa da taga bai ragu ba.

A satin nan ne na ga abin da har yau bai kwanta mini ba. Na tura wata takarda dab da azahar, muka fita salla. Sakatare na gefena a sahu, kafaɗa da kafaɗa, wayarsa kuma na gani ya bar ta a caji. Da muka dawo, fitilar Malam Isuhu ta yi kore, kuma lokacin da manhaja ta rubuta shi ne ƙarfe biyu da minti goma, muna tsakiyar raka'a ta uku. Na nuna wa Sakatare da haɓa. Ya kalli allon ya daɗe, sannan ya ce agogon kwamfutar ne ba daidai ba, ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa.

Wata rana Nomau ya ci karo da wata takarda da bai gane ba, kan iyakar wata gona. Ya tuna maganar Hajiya ta uku. Ya fitar da takardar a firinta, ya naɗe ta, ya nufi tsohuwar maƙabarta da rana tsaka. Baba Korau, mai haƙan kabari da ya tsufa yana gadin wurin, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya hango mutum a tsugune gaban kabarin Malam Isuhu, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen wurin, ya buɗe takarda ya karanta ta tun daga kai har ƙasa, ya yi tambayarsa, ya yi shiru yana jira. Baba Korau ya ce kurciyoyin da ke kuka a kan gawo duk suka yi tsit, har sai da Nomau ya miƙe. Da ya dawo ofis na tambaye shi cikin zolaya, "To, me Malam ya ce?" Ya ce, "Bai ce komai ba. Amma ya saurara fiye da yadda yake yi da." Sakatare ya ji, ya yi dariyar da ba ta wuce haƙoransa ba.

To, yanzu na zo inda nake jin kunyar faɗa. Wata rana Sakatare ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce in buga takardar mallaka wa ƙungiyar direbobi filin bakin titi don a gina sabuwar tasha. Na ce wane fili. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, "Fili ne fetal, babu gini, babu kowa a cikinsa." Ya karanto iyakokin, gabas titi, yamma rafi, tsakiya gawo. Hannuna ya tsaya a kan maɓallan. Tsohuwar maƙabarta ce. Ya ce, "Ta cika, ba a ƙara sa kowa. In takarda ta fito daga sama da sa hannun Hajiya, katafila za ta zo da 'yan sanda, wa zai tsaya a gabanta? Hajiya ba ta san garin nan ba, abin da fitila ta nuna mata shi take gani." Abin da aka yi masa alkawari, shi da Allah. Ni dai na tuna ƙauyen da mota ba ta zuwa, na tuna 'ya'yana, na sunkuyar da kai na buga. Ban kai ga tashi daga kujera ba fitilar Malam Isuhu ta yi kore. Wato ya amince a baje inda yake kwance.

Saura fitila ɗaya tsakanin katafila da kabarin Inna Yalwa, kuma a hannun ɗanta take.

Nomau ya karanta takardar sau biyu yana bin layi da yatsa. Na zata zai yi kuka ko ya yi faɗa. Sai kawai ya sa takalmi ya fita. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar Sakatare ya ce, "Ranka ya daɗe, na je na gani. Akwai mutane."

Sakatare ya ce, "Waɗanne mutane?"

"Da yawa. Har da Inna."

"Waɗannan ai sun mutu, Nomau."

"Takardar ba ta ce babu masu rai ba. Cewa ta yi babu kowa."

Sakatare ya sassauta murya ya ce, "To, ba ni kalmar sirrinka in hutar da kai." Nomau ya ce, "An ce kada kowa ya ji." Sakatare ya ce, "Ni ne shugabanka." Nomau ya yi ɗan tunani ya ce, "Kai ma kowa ne, ranka ya daɗe." Na sunkuya ƙarƙashin tebur kamar ina neman biro, don kada a ga fuskata.

Wata rana, kwana biyu bayan haka, Sakatare ya sa na buga takardar korar Nomau, bisa laifin ƙin bin umarni. Ya manta, ko fushi ya mantar da shi, cewa hedikwata ba ta karɓar takardar da ba ta bi layi ba. Takardar ta bar hannuna, ta bi ta kan Malam Isuhu, ta sauka a gaban mai duba na biyu. Nomau ya karanta korarsa da natsuwa, ya sa takalmi ya tafi gida ya gani da idonsa. Ya tambayi Tabawa ko ta taɓa ganin ya ƙi bin umarni. Tabawa ta ce, "Kai? Da ma Allah ya sa ka iya ƙi ko sau ɗaya, da na huta." Ya dawo ya danna "Mayar," ya rubuta, "Na bincika wurin matarsa. Ba haka ba ne." Amma da aka tashi na gan shi zaune a bakin baranda yana kallon hanyar maƙabarta. Ya ce mini, "Malam Zubairu, in aka kore ni, wa zai zauna a kujerata?" Na ce wanda zai danna. Ya ce, "To ina za a kai Inna?" Na ce ban sani ba, alhali na sani, ba inda za a kai ta, bi za a yi ta kanta. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Wata rana Sakatare ya shigo da fara'a, har da miƙa wa Nomau goro. Ya gano wata hanya. A manhajar akwai inda mai duba zai iya sauke nauyi daga kansa, ya ce a ji ta bakin waɗanda abin ya shafa. Sai ya rubuta sunayensu da inda suke zaune, kowannensu ya zo ofis ya ɗora babban yatsa a kan 'yar na'urar da ke teburina. In duk sun ɗora, takarda ta wuce ko mai duba bai amince ba. Sunan da aka sa kuwa, ba mai cire shi sai wanda ya sa, ko Hajiya. Sakatare na nufin mutum biyu, sarkin tasha da safiyo mai awon fili, kuma dukansu suna jiran kira. Ya dafa kafaɗar Nomau ya ce, "Ba sai ka amince ba, ɗan'uwana. Ka tura wa duk wanda abin ya shafa, kada ka bar kowa, su ɗora yatsa. Kai ka fita ke nan." Nomau ya ce, "Duk wanda abin ya shafa?" Ya ce, "Duka." Sannan ya tafi bikin wani abokinsa a birni na kwana uku, ya ce a shaida wa mai katafila ya shirya ranar Litinin.

Nomau ya ɗauki littafi da biro ya tafi wurin Baba Korau. Kun san kaburburanmu ba a rubuta musu suna. Wani fasasshen tulu ne alamarsa, wani guntun itace, wani ba komai sai tudun da ya kusa bajewa. Littafin wurin yana cikin kan Baba Korau, shi ma ya gada daga ubansa. Kwana uku suna bin layi-layi daga hantsi zuwa la'asar, tsoho na nunawa da sanda yana faɗa, Nomau na rubutawa. Wane ɗan wane, maƙeri. Wance matar wane, ta rasu wurin haihuwa, ɗan yana gefenta. Inda Baba Korau ya manta suna, Nomau bai tsallake ba, don an ce kada ya bar kowa. Ya rubuta, "Bawan Allah, baƙo, ya sauka daga mota da zazzaɓi shekarar fari." In la'asar ta yi sai ya dawo ofis ya shiga rigarsa ya yi ta bugawa da yatsa ɗaya. Ina jin ƙarar maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na san abin da yake yi, ban hana shi ba, ban kuma taya shi ba.

Ranar Litinin da hantsi katafila ta iso a kan babbar mota, aka ajiye ta bakin titi daura da gawo. Sakatare ya shigo da sarkin tasha da safiyo, kowa na murmushi. Suka ɗora yatsa, fitilunsu suka yi kore. Takarda ba ta motsa ba. Sakatare ya ja linzamin kwamfuta ƙasa, sai ga sunaye, ya ƙara ja, ga wasu, allon ya cika da fitilu ruwan ɗorawa kamar an kunna aci-balbal a fili. Suna ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da adireshinsa, "Tsohuwar maƙabarta, layi na kaza," kowanne an rubuta masa "Ana jira." Sarkin tasha ya matso yana karantawa, ya kai wani layi ya tsaya. Ya cire hularsa ya ce, "Wannan kakata ce." Ya juya ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Sakatare ya ce, "Nomau, cire su."

Nomau ya ce, "Kai ka ce kada in bar kowa."

"Yanzu na ce ka cire."

"Ai an riga an kira su, ranka ya daɗe. Ba kyau a kira mutum a kore shi bai iso ba."

Ba a rufe baki ba sai ga motar hedikwata a ƙofa. Sunayen sun hau allon Hajiya Asabe tun ranar Asabar, ta ga takardar da ta ce babu kowa tana jiran mutum sama da ɗari uku da ke zaune a cikin filin. Ta shigo ba ta zauna ba. Ta ja linzami har ƙasa, ta tsaya a suna na ƙarshe, Malam Isuhu, layi na goma sha ɗaya, kusa da katanga. Ta koma sama, ga Malam Isuhu mai duba na farko, fitila kore. Ta cire gilashinta ta ce, "Malam Haladu, wannan da wannan mutum ɗaya ne?" Sakatare ya dafe kujera. Hannayensa biyu na kan kujera, kowa na gani. Ni ina tsaye jikin bango, Nomau na bakin ƙofa, ba wanda ke kusa da kwamfuta.

A nan ne koriyar fitilar Malam Isuhu ta koma ja. A gurbin bayani, kalma uku suka fito, "A sake dubawa."

Daga baya Hajiya ta ce wataƙila ma'aikatanta ne suka rufe sunan marigayin daga hedikwata, in an rufe kuwa fitila kan koma ja. Na tambaye ta kalmomin fa, ta ce za ta bincika, har yau ba ta dawo mini da amsa ba. Wasu a gari suna cewa ni ne. Wallahi ban san kalmar sirrin Malam Isuhu ba, kuma da na sani, ban da zuciyar da zan yi. Allah shi ne masani. Abin da na gani shi ne Nomau ya taka zuwa kusurwa, ya ɗauki kofin silba, ya leƙa, ya fita ya ciko shi.

Kafin la'asar aka ɗora katafila a motarta ta koma inda ta fito. Sakatare ya bi Hajiya zuwa hedikwata, kuma ba mu ƙara ganinsa a kujerar ba. Ni ma an kira ni na faɗi abin da na buga da wanda ya sa ni, aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa da hannu biyu don na san ta yi mini sauƙi. Da Hajiya za ta tafi ta ce wa Nomau za ta goge takardar gaba ɗaya, ta mutu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba su amsa ba tukuna." Ta kalle shi ta saman gilashi. Sannan ta ce, "Gaskiyarka. Muddin wannan tana jira, manhaja ba za ta yarda a buɗe wata takarda a kan filin nan ba. A bar ta."

Da kowa ya watse na zauna ni kaɗai na bi sunayen. Ban gaya wa Nomau komai ba, ban gaya wa Baba Korau ba, amma ga shi a lamba ta arba'in da bakwai, Malam Garba Ɗinki, layi na biyu, gabas da gawo. Mahaifina ne. Rabona da zuwa wurinsa shekara shida, kuma da yatsun nan na buga cewa babu kowa. Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Takardar tana nan har gobe. Kullum da safe Nomau zai goge tebura, ya ajiye ruwa a kusurwa, ya shiga babbar rigarsa. Yanzu ba na dariya, ina zuwa da wuri ne don in ji. Zai ja linzami a hankali har lamba ta ɗari biyu da tara, inda 'yar fitila ke ci kusa da sunan Inna Yalwa, sai murya ta fito daga cikin farin yadin ƙasa-ƙasa.

"Inna, ina kwana. Akuya ta haihu, biyu. Har yanzu ke ake jira, amma ki yi kwanciyarki, ba sai kin taso ba."